Sallau da Hotunan Kamun Hansatu

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi garin ba, kada ku fara waige-waige. Sunansa Sallau. Bawan Allah ne marar hayaniya, yana aiki a shagon hoto na wani Alhaji Ɗanlami, shi ke gyara hotuna a kwamfuta ya wanke su. Ku saurara da kyau, har da kai mai danna waya a baya can, don da kai nake.

Kun san yadda ake kamun amarya. Mata zalla, an ajiye mayafi, an sha ado, ana rawa ana shewa don an san babu idon namiji. Mace shagon ke turawa ta ɗauko hoton, amma a kwamfutar Sallau hotunan ke kwana. Shi ya sa ko alwala zai fita sai ya kulle ta da lambar sirri. Filash ɗin da aka kawo daga waje, sai ya fara soka shi a wata tsohuwar kwamfuta da ke gefe, ya duba ko yana ɗauke da cuta. Hoton biki kuwa ba ya ba kowa sai ya kira wanda ya ba da aikin. Wannan duk cin lokaci ne, kuma Alhaji mutum ne mai son sauri. Kullum faɗa: "Sallau, hawainiya ma ta fi ka hanzari!"

To, ranar da ake rufe rajistar jarrabawa, ɗalibai suka cika shagon maƙil, kowa na son hoton fasfo. An ɗauke wuta, janareta na shan mai, gumi na zuba. Sai ga wani mutum ya kutso, shadda na ƙyalli, turare na tashi.

Ya ce, "Malam, ni ƙanin ango ne. Hotunan kamun Hansatu, 'yar Hajiya Ladidi, na zo karɓa. Na ga aiki ya yi maka yawa. Buɗe min kwamfutar kawai, ga filash ɗina, ni zan zaɓa da kaina, kai ka je ka sallami yaran nan."

Jama'a, kun ji magana mai daɗi? Har da tausayi a ciki!

Alhaji ya ce, "Madalla! Sallau, tashi ka ba shi kujera."

Sallau bai tashi ba. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari in kira Hajiya tukuna."

Ya kira, ba ta shiga ba. Ya sake kira, a kashe. Ɗalibai suka fara tsaki, wasu suka fice zuwa shagon da ke tsallaken titi, Alhaji na kallonsu suna tafiya. Mutumin ya ɗaga murya: "Au, ɓarawo ka ɗauke ni? Alhaji, haka ake wulaƙanta mutane a shagonka?"

Alhaji ya matso, ido ja wur. "Sallau, shagona ne ko naka? Ka buɗe, ko ka faɗi lambar nan in buɗe da kaina. In ba haka ba, yau ka gama aiki a nan."

Ku saurara. Sallau ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, ga iyali ga tsohuwa a gida. Wallahi tsoro ya kama shi. Kuma shi kansa bai tabbata ba, wataƙila mutumin nan gaskiya yake faɗi, ya tashi a tutar babu saboda zato. Amma ya tuna ranar da Hajiya Ladidi ta kawo aikin, ta ce masa, "Ɗana, mutuncin 'ya'yan mutane na bar maka."

Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Alhaji, shagonka ne, in ka kore ni ba ka zalunce ni ba. Lambar ma haƙƙinka ce, zan faɗa maka. Amma kafin ka zaunar da baƙo a kujerar nan, ka tuna ba hotunan Hansatu kaɗai ke ciki ba. Na kamun Uwani 'yarka ma suna nan."

Can sai wayar Sallau ta yi ƙara: Hajiya Ladidi. Ya saka ta a sifika, ya gaya mata wai ƙanin ango ya zo karɓar hotunan.

"Wane ƙanin ango? Ango shi kaɗai ne namiji a gidansu! Innalillahi! Dogo ne mai tabo a goshi? Wanda Hansatu ta ƙi ne, ya rantse sai ya watsa ta a duniya. Sallau, don Allah ka ce min ba ka ba shi ba!"

"Ban ba shi ba, Hajiya."

Ko da aka juya, sai ƙamshin turare, mutumin ya sulale. Alhaji ya zauna daɓas a kan benci. Ɗaliban da suka tafi ba su dawo ba, cinikin ranar ya tafi. Washegari da kansa ya raba aiki: hoton fasfo a tsohuwar kwamfuta, a yi shi da gudu, na biki kuma ba mai taɓa shi sai Sallau, kuma duk mai kawo aiki sai ya faɗi wanda zai karɓa.

To, 'yan uwa, ba cewa nake ku zama masu nawa ba, sauri a sana'a alheri ne. Amma amana ba a yin sauri da ita. Kai mai gyaran waya, me kake buɗewa in mai ita ya juya baya? Ke mai shago, lambar sirrinki yara nawa suka haddace don kina ƙyuyar tashi? Abin da ke cikin na'urarka ba naka ba ne, sirrin mutane ne aka ba ka ajiya, kuma za a tambaye ka. Kafin ka ce wa wani "buɗe kawai, ba komai", ka ɗauka hoton 'yarka ne a ciki. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu rufa na wasu.