Mayaƙan Da Aka Bari A Daji

An ruwaito a littattafan mutanen da, Allah Ya jiƙan magabata, cewa an yi wani sarki mai yawan kyauta a wani birni na gabas. Ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa, Jatau, Madawaki, ya ƙara wa mayaƙa hatsi da riguna. Duk da haka fuskokinsu kullum a murtuke. Da aka dawo daga wani yaƙi sai rundunar maharba ta bar gadin ganuwa ta fita daji ba izini. Aka kamo su, aka yanke za a sare kawunansu.

Shugabansu shi ne Barde Tanimu, dattijo mai tabon mashi a wuya. Ya je fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Barde, na ciyar da su, na tufatar da su. Me ya sa mai ƙoshi zai guji ubangidansa? In ka warware mini, sun tsira."

Barde ya ce, "Allah Ya ja zamaninka, a ba ni izinin labari. An yi wani madugu mai fataucin goro. In ɗan dako ya mutu a hanya, sai ya tsai da ayari, a yi masa wanka da salla, ya ɗauki sandarsa ya kai wa uwarsa da hannunsa. Ladansa kaɗan ne, amma ana rububin binsa. Da ɗansa ya gaje shi sai ya ninka lada. Ran nan wani ɗan dako ya faɗi ya mutu, sabon madugun ya ce, 'Ku wuce, goro zai bushe.' Suka wuce, kowa na waiwayen ungulu. Daga wannan tafiya ko mutum ɗaya bai sake binsa ba."

Jatau ya yi dariya ya ce, "Baba, fada muke ko dandali?"

Barde bai ko dube shi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kakanninka ba a busa ƙahon komawa sai an rufe matattu. Madawaki ya busa ba a rufe su ba, don ya riga kowa kawo maka albishir. Yaran nan 'yan'uwansu suka koma binnewa. Abin da kuraye suka rage suka tarar."

Sarki ya sunkuyar da kai, sannan ya ce a kwance maharban, ya yafa wa Barde alkyabba. Amma Jatau jini ne, aka bar masa sarautarsa.

Barde ya fito, maharba suka kewaye shi. Wani ya ce, "Baba, gobe wa za mu bi?"

Ya ce, "Shi dai Madawakin."

Suka koma ganuwa da ransu, amma daga ranar duk mai fita yaƙi sai ya ɗaura likkafaninsa a gindi, ya yi wa na kusa da shi wasiyya.

Masu ruwaya suka ce hatsi na riƙe cikin mayaƙi, amma zuciyarsa tana wurin wanda ya tabbata ba zai bar shi a daji ba. Allah Ka haɗa 'ya'yanmu da shugabanni masu tausayi.