Kwaɗon da Alhaji Yahaya Ya Sa wa Ƙanensa

Akwai wani bawan Allah a Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina, mai suna Ɗanliti. Direba ne na wani babban jami'i a unguwar GRA zamanin soja, kuma a zaman jiran oga a mashayar bayan bariki ya koyi shan giya.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ogan ya tattara ya bar gari. Aiki ya tafi, giya ta zauna. Ta kai idan Ɗanliti bai sha da safe ba, ko kofin koko ba ya iya riƙewa saboda rawar hannu.

Matarsa Furera ta sani. Yayansa Alhaji Yahaya, mai shagon yadi, shi ma ya sani. Amma shi Alhaji ba ciwon ƙanensa ne ya dame shi ba, bakin mutanen unguwa ne.

Wata rana da hantsi aka tsinci Ɗanliti kwance a bakin kwata. Alhaji ya sa aka shigo da shi, ya tura shi ɗakin soro, ya danna kwaɗo.

"Ba ya hita sai ta bar jikinshi," in ji shi. "Ke kuma Furera, kowa ya tambaya ki ce iska ce ta taɓa shi. Kada in ji sunan abin nan a bakinki."

"To, Yaya," ta ce.

Ku duba wannan lissafi, jama'a. Gara a ce ɗan gidan yana da aljanu da a ce yana sha!

Ta taga Furera ke miƙa abinci, ta taga yake dawowa ba a taɓa ba. Ɗanliti ya fara zufa da amai, jikinsa na kakkarwa. Daga nan ya shiga ihu, wai kunamai na saukowa daga rufi. Maƙwabta suka ji, suka ce lallai iskar mai ƙarfi ce. Aka yi ta turare da tofi, Alhaji yana soro yana amsa sannu.

Furera ta rasa inda za ta sa kanta. Idan ta yi magana ta tona asirin gidan da take aure. Idan ta yi shiru, ga uban 'ya'yanta yana ƙarewa tana kallo. Wallahi matar nan ta ba ni tausayi.

Rannan bayan la'asar ta leƙa, ta gan shi a ƙasa yana jijjiga, kumfa a baki. Ta kurma ihun da ya sa dole Alhaji ya buɗe, aka kwashe shi sai asibiti.

Likita ya tambaya: "Akwai abin da yake sha?"

"Babu komai, likita," in ji Alhaji. "Iska ce."

Furera ta ja mayafinta. "Giya ce, likita. Ya daɗe yana sha kullum, sai muka kulle shi."

Alhaji ya watsa mata harara. Likitan kuwa nan take ya sa aka kawo allura da ƙarin ruwa. Daga baya ya yi musu bayani: wanda jikinsa ya saba da giya sosai, yanke masa ita farat ɗaya babu kulawar asibiti na iya kashe shi. Akwai magungunan da ake sauko da jiki da su a hankali, sannan a ci gaba da ganin masu ba da shawara.

Ɗanliti ya tashi, amma da wahala. Ya taɓa komawa shan giyar, Furera ta sake raka shi asibiti da rana tsaka, kowa na gani. Shi kuwa Alhaji ya daina amsa gaisuwarta.

Sai ranar babbar sallah, bayan ya dawo daga Idi tare da ƙanensa, ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Furera."

"Na'am, Yaya. An yi sallah lahiya?"

Bai amsa gaisuwar ba. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Da kin bi maganata," ya ce, "da yau kabarinshi zan kai wa ziyara."

Darasi: Shaye-shaye ciwo ne da ke da magani a asibiti, kwaɗo da ɓoye-ɓoye ba sa warkar da shi. Kada tsoron bakin mutane ya sa ka rasa ɗan'uwanka. Faɗa wa likita gaskiya. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai gidan da ake kulle da wani yanzu haka.