Mahaƙan Rijiyar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnenmu naki ne.

Kura ta ɗauki dabbobi haƙar rijiya, kullum har almuru, ba ladan yini balle na ƙarin lokaci. Zomo ya je neman haƙƙinsa shi kaɗai, bai dawo ba.

Sai sauran suka haɗa kai, suka kai ƙara gaban alƙali Zaki.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, Zomo na biya shi, ya koma garinsu."

Bushiya ta ce, "Mu mahaƙa, in an kira na cikin rami, dole ya amsa." Ta ɗaga murya: "Zomo, lafiya a ƙasa?"

Daga tumbin Kura wata siririyar murya ta ce, "Akwai duhu, Yaya. An biya ku?"

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan na ajiye.