Birkin Motar Hedimasta Wilfred

Akwai wani hedimasta a Kafanchan mai suna Wilfred Kumai. Har yau in tsofaffin ɗalibansa sun haɗu, sai maganar motarsa ta shigo hirarsu. Jama'ar wannan shafi, ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1974 ne. Wani Bature injiniyan reluwe zai koma ƙasarsu, sai ya sayar wa Wilfred wata tsohuwar mota ja, mai kujera biyu kacal, samanta a buɗe. Mota ce ta gudu. Ta kai shekara goma sha bakwai, kuma ta yi damina uku a ajiye a gindin mangwaro.

Injin lafiyarsa lau. Ana sa sabon batir ta tashi da gurnani. Birki ne matsalar. In ka taka shi, sai ƙafarka ta nutse kamar ka taka laka.

Wilfred ya kai ta wurin Baba Dogara, wani tsohon makanike da ya yi shekara ashirin yana gyaran jirgin ƙasa kafin ya buɗe garejinsa a bayan kasuwa. Tsohon ya ɗaga motar, ya cire tayoyi huɗu, ya yini yana leƙe-leƙe a ƙarƙashinta.

"Hedimasta, bututun man birki duk ya yi tsatsa," in ji shi. "Takalman birki sun cinye. Robobin da ke riƙe mai kuma sun mutu, duba." Ya matsa ɗaya da yatsa, ta dagargaje.

"To a canza, Baba."

"Za a canza. Amma ina so in raba layin biyu, na gaba daban, na baya daban. In ɗaya ya fashe, ɗayan zai tsayar da kai. Yadda take yanzu, ɗigo ɗaya ya isa ya raba ka da birki gaba ɗaya."

"Kwana nawa?"

"Robar irin wannan mota babu ita a Kaduna, babu a Jos. Sai Legas. Ina da aboki gadin jirgin ƙasa, zai zo da ita."

Wilfred ya amince. Farkon Agusta ne lokacin, kuma shi ranar ɗaya ga Oktoba kawai yake hange. Ya riga ya gaya wa malamai, da dattawan coci, da duk wanda ya tsaya ya saurare shi, cewa a cikin motar nan zai shiga filin maci ranar bikin 'yancin kai.

Sati uku suka wuce babu labari. Kullum in an tashi makaranta sai ya hau kekensa ya bi ta gareji, ya tarar da motar a kan duwatsu ba taya, kaji suna kwana a inuwarta.

A sati na huɗu saƙo ya iso. Baba Dogara ya gwada robobin, ya girgiza kai.

"Sun yi ƙanana kaɗan. Sai a mayar."

"Kaɗan fa ka ce. A tura su haka mana."

"Kaɗan ɗin nan ta nan mai zai bi ya zube."

Wilfred ya koma gida ransa a ɓace, ko tuwon acca da aka ajiye masa bai taɓa ba. A makaranta malamai sun fara tsokanarsa cikin ladabi. "Sa, yaya jikin motar?" Wani dattijon coci ma ya tambaye shi ko Baturen da ya tafi, da tayoyin ya tafi.

Matarsa Afiniki ta ce masa, "Baban Simon, bikin nan kowace shekara ana yi. In ba ta gyaru bana ba, ai akwai baɗi."

"Ba ke ake yi wa dariya ba."

"Ni dai na fi so a yi maka dariya kana tafe da ƙafarka."

Ranar Litinin, jajiberin biki, ya je garejin da sassafe. Baba Dogara ya gama shimfiɗa sabon bututu na gaba, ya sa sababbin takalma, amma na baya a buɗe yake, kuma robobin ba su iso ba.

"Baba, ka mayar da tsofaffin, ka haɗa ta. Gobe kawai. Daga gidana zuwa fili ko mil ɗaya ba ta kai ba."

"Akwai gangara a hanyar."

"Motata ce ko taka?"

"Taka ce, Hedimasta. Amma hannun nawa ne, kuma ba zai ɗaura mushen roba a birki ba."

Nan Wilfred ya faɗi maganar da bai kamata ba. Ya ce tsufa ne ya ci ƙarfin tsohon, shi ya sa yake ɓuya a bayan Legas. Ya ce wanda bai gama aji huɗu ba shi ne zai koya wa hedimasta hankali. Baba Dogara ya goge hannunsa da tsumma, ya koma kan benci ya zauna.

Wilfred ya je tashar mota ya ɗauko wani makanike mai suna Tagwai. Kafin la'asar Tagwai ya zaɓi robobin da suka fi dama-dama a cikin tsofaffin, ya mayar, ya zuba mai, ya ɗaura tayoyi.

"Oga, ta yi," in ji shi. "In za ka tsaya, ka taka sau biyu ko uku, za ta kama."

Sun gwada a shimfiɗaɗɗen fili a bayan kasuwa, ta kama. Wilfred ya wuce ta gaban Baba Dogara yana danna ham.

Washegari ya sa farin kwat ɗinsa. Afiniki ta ce ita da ƙafa za ta je. Ya bari sai da ɗalibansa suka yi gaba, don ya zo ya wuce su a hanya kowa ya gani.

Da ya hau kan gangarar sai ya hango su a ƙasa, layi biyu, fararen riguna, ganga tana tashi. Malama Emilia ce a gaba tana jagora. 'Yan aji ɗaya su ne a can baya, wato su ne mafi kusa da shi.

Ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Ya taka na biyu, ya taka na uku, kamar yadda aka ce masa. Babu komai. Ya ja birkin hannu, ya taso sakwaf, ashe ba a ɗaura wayarsa ba. Ya nemi ya sauke giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya danna ham, amma ƙarar ganga ta danne shi. Yaran ba wanda ya waiwayo.

Saura 'yan taku tsakaninsa da layin ƙarshe. Ya ce, "Yesu, taimake ni," ya murɗe sitiyari dama da duk ƙarfinsa. Motar ta tsallake lambatu, ta daki bishiyar ɗorawa.

A asibiti ya farfaɗo. Hannunsa na dama ya karye, haƙora biyu sun fita. Afiniki tana zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura. Abin da ya fara tambaya shi ne yaran. Ta ce ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Motar kuwa gabanta ya nannaɗe, ba ta ƙara hawa titi ba.

Ranar Alhamis Baba Dogara ya shigo ɗakin da wani ɗan ƙunshi na takarda. Ya ajiye shi a kan gadon.

"Da jirgin safe suka iso," in ji shi.

Wilfred ya juya fuskarsa bango. "Ka zo ka ga yadda na ƙare ke nan, Baba."

"A'a. Jikata Lucia tana aji ɗaya. Tana layin ƙarshe ranar. Na zo in gode maka da ka juya kan motar. Ba kowa zai iya ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, fushina bai sauka ba tukuna. Fasto ya ce in yafe. Ina ƙoƙari."

Kafin Wilfred ya buɗe baki ya ba da haƙuri, Baba Dogara ya gaishe da Afiniki, ya sa hularsa, ya fita.

Da hannun hagu Wilfred ya warware ƙunshin. Wasu 'yan baƙaƙen robobi ne, duka-duka ba su cika tafin hannunsa ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Kwana biyu," ya ce wa matarsa. "Kwana biyu kawai ya rage in jira."

Darasi: In mai sana'a ya ce maka abu bai gyaru ba, ka saurare shi ko da ka fi shi karatu da muƙami. Dariyar mutane tana wucewa, amma gaggawar da ka yi don ka burge su tana iya faɗawa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Tura wannan labari ga wani direba da ka sani, wataƙila yau ɗin nan yake shirin cewa "gobe kawai".