Marsandin Jatau Bakanike

Shekara uku Jatau bakanike ya yi yana gyaran wata tsohuwar Marsandi da ya saya wurin 'yan gwangwan, har ta koma sabuwa. Hakimin garin ya gan ta, ya sa aka kira shi fada.

"Jatau, faɗi darajar motarka," in ji Hakimi. "In mai tsada ce, mu yanka maka haraji daidai da ita. In mai araha ce, na saya a haka."

"Ranka ya daɗe, adalcin nan har ya yi yawa," in ji Jatau. "Amma ni jahili ne. A sa mai ilimi ya karanta rubutun da ke jikin ƙofarta."

Magatakarda ya leƙa, ya ce, "Sunan mahaifinka ne, ranka ya daɗe. Ita ce ka sa aka sayar a kan sikeli."

Jatau ya durƙusa. "Ina ni ina yi wa motar marigayi kuɗi? Ga dattawan da suka yi masa hidima. Kai ya kamata ka faɗa a gabansu."

Dattawa suka zuba wa Hakimi ido. Ya gyara murya, ya ce, "Abin da mahaifina ya hau ya fi ƙarfin kuɗi."

"Allah ya ƙara basira," in ji Jatau. "Ke nan ba ta sayuwa, ba a kuma san harajinta ba. Amma duk Juma'a zan riƙa bi da ita ta ƙofar fada, ka kalla kyauta."