San da Aka Ce Yana Ɗingishi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Akwai wani manomi ana ce da shi Iliya, yana da maƙwabci Filibus. Kowannensu sa ɗaya gare shi, garma kuwa ba ta jawuwa sai da shanu biyu. Don haka duk damina sukan haɗa shanun a karkiya ɗaya, yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a ta wancan.

Wata shekara ma'aikatan wani banki suka zo garin da zancen katin bashi, wanda mutum zai yi sayayya da shi ya biya daga baya. Su biyu suka nema rana ɗaya. Aka ba Filibus. Iliya kuwa aka ce asusunsa ba ya motsi, ya dawo bayan kaka.

Abin ya tsaya wa Iliya a rai. Ya riƙa cewa a zuciyarsa, “Gonata ta fi tasa. Sana ya fi nasa ƙiba. Me suka gani a jikinsa?” Ko dariyar Filibus ya jiyo ta kan katanga, sai ya ɗauka da shi ake.

Da ruwa ya sauka, Filibus ya zo gidan Iliya da sassafe da karkiya a kafaɗa.

Ya ce, “Baban Talatu, fito da san mana, ƙasa ta yi laushi!”

Iliya bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Ɗingishi yake yi. Ai ku masu kati ba kwa rasa dabara. Ka ɗaura wa katin garma.”

Filibus ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Amma maganar ɗingishin ta dame shi, ya ce, “Ayya! Allah ya sawwaƙe.” Ya tafi.

Iliya ya ɗaure san a bayan rumbu don kada a gani. Ya zauna yana jin daɗin gonar Filibus ba ta sami huɗa ba. Tasa ma tana nan kwance, ciyawa tana cin ta, laimar ƙasa tana tafiya.

Ana nan sai ga Filibus a kan babur, ya ɗauko likitan dabbobi daga birni, da ledar magunguna a hannu. Ya ce, “Ɗan'uwa, ka ga abin da na fara saya da katin nan. In san nan ya kwanta, mu duka mun kwanta.”

Dole Iliya ya fito da san daga bayan rumbu. Likita ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya duba kofato, ya sa aka zaga da shi tsakar gida. San yana tafiya har da tsalle. Likita ya ce, “Malam, wannan ai ya fi ni lafiya. Wa ya ce yana ɗingishi?”

Filibus ya dubi Iliya. Iliya ya dubi ƙasa. Ran nan dai ya sami kunya, amma ba irin wadda ake shuka dawa a kanta ba.

Kashegari suka haɗa shanun. Sai dai lokaci ya riga ya wuce, hatsin da suka girbe bai kai rabin na bara ba.

Ma'anar wannan misali ke nan, 'yan'uwa. Hana katin da banki ya yi bai rage wa Iliya ko zangarniya ɗaya ba. Ƙyashi ne ya cinye masa gona. Kai ma za ka nemi abu a ce maka a'a, a ce wa na kusa da kai i. Zai yi zafi, ba na musu. Kai wa Ubangiji zafin nan cikin addu'a, ka tambayi abin da ya kamata ka gyara, ka jira lokacinka. Amma kada ka janye wuyanka daga aikin da Allah ya haɗa ka da ɗan'uwanka, gama ranar da ka tsayar da garmarsa, taka ce ka tsayar.

Ƙurunƙus, nan ta ƙare. Kowa ya je ya kwance abin da ya ɗaure a bayan rumbu.