Awarwaron da Ke Rataye a Jikin Gado

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wani asibiti, wadda aikinta kowace safiya shi ne auna sukarin marasa lafiya. Na'urar awon ba ta fi wayar hannu girma ba, amma tana da taurin kai. Ba ta yarda ta karɓi jinin kowa sai ta fara haska awarwaron robar da ake ɗaura wa majinyaci a hannu, mai ɗauke da sunansa da waɗansu baƙaƙen zane-zane. Sunan da ta karanta, da shi take aika wa likita sakamako, likita kuma ya rubuta allura.

Wata rana aka mai da ma'aikaciyar ɗakin mata, inda ba ta san kowa ba tukuna. Ta isa gadon da ke bakin taga, ta tarar da wata tsohuwa mai fara'a, jikinta sai ƙyalli yake yi. Tsohuwar nan ba ta wasa da man kaɗe, ta shafe hannu ta shafe awarwaro, har zanen ya dushe. Ma'aikaciyar ta haska, na'ura ta ƙi. Ta goge da auduga, ta miƙar da robar, ta kare hasken rana da jikinta, duk a banza.

Sai tsohuwar da ke gado na kusa ta ce, “'Yata, kada ki wahalar da kanki. Ga wani can rataye a ƙarfen gadon, fes da shi. Ai duk ɗaya ne.”

Gaskiya akwai shi, fari tas, kuma ga marasa lafiya suna jira. Ma'aikaciyar ta ɗaga na'ura za ta haska, sai zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta sauke hannu ta ce wa mai man kaɗe, “Mama, yaya sunanki?”

“Damaris.”

Ta duba wanda ke jikin gado, ta ga an rubuta Kande.

Ashe Mama Kande ce mai ba da shawarar. Ita ce ta fara kwana a gadon taga, awarwaron ya dame ta da ƙaiƙayi, ta zare ta rataye. Da sanyi ya ishe ta sai suka yi musayar gado da Mama Damaris, ba wanda suka gaya wa, ta kuma manta ƙaf cewa abin nata ne.

Ma'aikaciyar ta je ta sa aka buga musu sababbi, ta ɗaura wa kowacce nata, sa'an nan ta auna. Sukarin Mama Damaris ya hau sosai, na Mama Kande kuwa yana ƙasa. Da an aika da awon Damaris da sunan Kande, da an yi wa Kande allurar rage sukari da za ta sumar da ita. Mama Kande ta kalli hannunta ta ce, “To, ki ɗaure shi da kyau, ko ya yi ƙaiƙayi na haƙura.” Suka yi dariya su uku, aka kawo koko.

Ga ma'anar misalin nan. Gadon shi ne wurin zamanmu a coci, da gidan da muka fito, da ƙungiyar da muke ciki. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, amma ana musayarsu. Awarwaron hannu shi ne bangaskiyarka kai kanka, wadda Ubangiji ya san ka da ita. Waɗansunmu mun bar hidimomin duniya sun dusashe ta, kamar Mama Damaris. Waɗansu kuwa, da ta fara matsa mu, sai muka cire muka rataye a coci, muna ɗauka ranar Lahadi.

Abin farin ciki shi ne, Ubangiji ba ya gaggawa da mu, kuma ba ya ɗaukar bangaskiyar mahaifiyarka ya rubuta maka. Yakan tsaya a gefenka ya tambayi sunanka. Idan abin ya dushe, kada ka ji kunya, yana da sabon awarwaro. Ka miƙa masa hannunka ya ɗaura, kuma in ya yi ƙaiƙayi ka bar shi a wurin.